Ƙungiyar Igwa da Magadanta: Yadda Aka Leƙa Duniyoyin da ke Kewaya Rana

Hukumar binciken sararin samaniya ta farko da sunanta ya zaga duniya ba ta da ofis, ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, domin a cikin ƙagaggen labari take zaune. Marubucin Faransa Jules Verne ne ya ƙirƙiro ta a 1865, ya raɗa mata suna Ƙungiyar Igwa, ya ajiye ta a birnin Baltimore na Amurka. 'Yan ƙungiyar maƙeran igwa ne da yaƙin basasar Amurka ya bari da dungun hannu da ƙafar katako. Yaƙi ya ƙare, zaman lafiya ya gundure su, sun rasa wanda za su harba. Sai shugabansu, Impey Barbicane, ya kawo shawarar a ƙera igwar da za ta jefa harsashi har cikin wata.

Verne bai yi wa labarin riƙon sakainar kashi ba. Ya yi lissafi, ya ba igwar tsawon ƙafa 900, ya sa aka haƙa mata rami a Florida aka zuba narkakken ƙarfe, ya ƙera harsashin da alminiyam. Har maganar kuɗi bai manta ba: ƙungiyar ta buɗe asusun neman taimako a ƙasashen duniya, Ingila ta ƙi ba da ko sisi, Daular Usmaniyya ta Turkiyya kuwa ta saki hannu, wai don da wata take lissafin shekararta da azumin Ramadan. Mutum uku suka shiga harsashin. A littafi na biyu suka kewaya wata, suka faɗo cikin tekun Fasifik, jirgin ruwan soja ya tsamo su. A ƙarshen 1968 kumbon Apollo 8 ya tashi daga Florida ɗauke da mutum uku, ya kewaya wata, ya faɗo a Fasifik, shi ya sa har yau ake jinjina wa hangen nesan marubucin.

Sai dai ya yi kuskure biyu. Na farko kowa ya san shi: ƙarfin harbin da zai fitar da harsashi daga duniya zai niƙe duk wanda ke ciki tun bai bar bakin igwa ba. Na biyun ya fi girma a ganina. Ƙungiyar Igwa sau ɗaya ta yi harbi zuwa wata, kuma harbin ya tashi. Waɗanda suka gaje ta a zahiri sun sha ƙasa har sun gaji da ƙirgawa, kuma tarihinsu ya fi na littafin daɗi saboda haka.

Cikin yaran da suka karanta Verne akwai Frank Malina, haifaffen Texas, wanda ya karanta littafin da harshen Cek lokacin da iyayensa suka koma ƙasarsu ta asali da shi. A 1936 yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Caltech da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, sai wasu samari biyu 'yan gari suka zo neman wanda zai taimaka musu kan roka: Jack Parsons, mai haɗa sinadarai wanda bai gama jami'a ba, da abokinsa Ed Forman, makaniki. A wancan zamani malamin kimiyya mai mutunci ba ya ambaton roka, ana ɗaukarta shirmen mujallun yara. Malami guda ne ya saurare su, Theodore von Kármán ɗan asalin Hangari. Ranar 31 ga Oktoba 1936 suka kwashi tarkacensu zuwa wani busasshen kwari da ake kira Arroyo Seco a bayan gari. A gwaji na huɗu bututun iskar oksijin ya kama wuta yana ta lilo, kowa ya ranta a na kare. Da aka ba su wuri cikin harabar jami'a suka jawo fashewa har sau biyu, ɗalibai suka laƙaba musu sunan 'yan ƙunar baƙin wake, hukumar makaranta ta mayar da su kwarinsu. A nan cibiyar da suka kafa daga baya take har gobe.

Abin da Verne ya hango daidai shi ne alaƙar aikin da yaƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo musu kuɗi. Sojan Amurka na son rokokin da za su tunkuɗa jirgin sama mai nauyi ya tashi daga gajeren fili, suka ƙera, aka gwada a 1941. Da labari ya zo cewa Jamus na ƙera makami mai linzami, sai aka faɗaɗa aikin, kuma a takardar da suka rubuta a Nuwamban 1943 sunan Jet Propulsion Laboratory, wato JPL, ya fara bayyana. Da gangan aka kauce wa saka roka a sunan, don har lokacin abin dariya ce. A Fabrairun 1949 ƙaramar rokarsu mai suna WAC Corporal, wadda aka ɗora a kan rokar V-2 da aka ƙwato daga Jamus, ta kai tsawon kusan kilomita 400.

Waɗanda suka kafa wurin ba su ci moriyarsa ba. Malina ya ƙosa da ƙera makamai, ga kuma hukumar FBI na bin sawunsa da zargin gurguzu, ya tafi Faris a 1947 ya kama aiki da UNESCO, daga baya ya koma zane-zane. Parsons ya mutu a 1952 yana da shekara 37, sinadarai suka fashe da shi a gidansa. Ɗan Sin ɗin da ke cikinsu, Qian Xuesen, wanda ya fi su duka lissafi, an tsare shi a 1950, aka hana shi sakat shekara biyar, sannan aka bar shi ya koma gida a 1955. Shi ya jagoranci shirin roka na ƙasar Sin, wadda ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko a 1970. Amurka da hannunta ta yi wa abokiyar gasarta wannan kyauta.

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik. Amurka ta yi yunƙurin ramawa da rokar Vanguard a Disamba, ta tashi kaɗan ta faɗo ta ƙone a gaban kyamarori. Sai aka waiwayi JPL, wadda William Pickering ɗan asalin New Zealand ke shugabanta. Cikin ƙasa da wata uku suka haɗa Explorer 1, mai nauyin kilo 14 kacal, rokar Wernher von Braun ta ɗaga shi ranar 31 ga Janairu 1958. Na'urar James Van Allen da ke cikinsa ce ta kai ga gano ɗamarar tururin da ke kewaye da duniya. Lissafin hanyarsa kuwa mata ne suka yi shi da fensir da injin ƙidaya na tebur, irin su Barbara Paulson, a sashen da Macie Roberts ke riƙe da shi. Hoton da ya shahara na maza uku ne ɗauke da kwaikwayon tauraron bisa kawunansu. Matan ba su fito a ciki ba. A Disambar wannan shekara aka cire JPL daga hannun soja aka miƙa ta ga sabuwar hukumar NASA, Caltech na ci gaba da gudanar da ita. Aka raba aiki: wasu cibiyoyi su kai mutum sama, JPL ta aika injuna inda mutum ba zai iya zuwa ba.

A nan sai na ɗan ratse, domin mutanen Kano na da ƙafa a wannan zamani, ko da yake a ɓangaren kai mutum ne. NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano don shirin Mercury. Da John Glenn ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962 ya yi magana da tashar, ya ce yana hango guguwar ƙura a ƙasa, suka ba shi amsa cewa iska ta yi mako tana kaɗawa. Duk wanda ya san Fabrairun Arewa ya san abin da ya gani.

Ɗaya daga cikin ayyukan JPL na farko a ƙarƙashin NASA da suka shafi wata shi ne Ranger, kuma manufarsa ba ta da nisa da ta Barbicane: a jefa kumbo ya faɗa kan wata, yana ɗaukar hoto har ya tarwatse. Ranger 1 da 2 a 1961 ba su ma bar kewayen duniya ba. Ranger 3 ya kuskure wata da fiye da kilomita 36,000. Ranger 4 ya isa, amma a mace, ya faɗa bayan wata bai aiko da komai ba. Ranger 5 wutarsa ta ɗauke, ya wuce ta gefe. Aka kafa kwamitin bincike, aka sauya shugabannin aikin, aka daina gasa kayan kumbon da zafi, abin da ake yi don kashe ƙwayoyin cuta wanda kuma ake zargin yana lalata na'urori. Aka shekara ana gyara. Ranger 6 ya tashi a Janairun 1964, tafiya ta yi kyau, ya faɗa inda aka nufa, kyamarorinsa suka ƙi kunnuwa. Shida a jere ke nan. Majalisar dokoki ta kira su ta yi musu tatas, ana ta raɗe-raɗin za a ƙwace wurin daga hannun Caltech. Ranar 31 ga Yuli 1964 Ranger 7 ya aiko da hotuna sama da 4,300 cikin minti 17 na ƙarshen rayuwarsa. A lokacin wannan aiki wani injiniya, Dick Wallace, ya raba wa abokan aiki gyaɗa don a rage fargaba. Tun daga nan ba a babban aiki a ɗakin kula da kumbo na JPL sai da gwangwanin gyaɗa a kan tebur. Masana lissafi ma, ashe, suna da nasu camfin.

Ana cikin wannan baƙin jini ne wani reshen ya fara haske. Mariner 1 ya kauce hanya a Yulin 1962, aka tarwatsa shi bai yi minti biyar a sama ba, kuma cikin dalilan har da alama guda da aka tsallake wajen kwafar lissafi zuwa kwamfuta. Tagwayensa Mariner 2 ya tashi bayan wata guda, ranar 14 ga Disamba ya gifta ta gefen Zara, wadda Turawa ke kira Venus. Shi ne kumbo na farko da ya kai wata duniya yana raye. Saƙon da ya aiko bai yi wa masu mafarki daɗi ba: tauraruwar nan mai kyan gani tanderu ce.

Mars ta fi ɓata musu rai. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Percival Lowell ya cika duniya da labarin magudanan ruwa da wai wasu halittu suka haƙa a can, marubuta kuma suka gina birane da sarakuna a kai. Mariner 4 ya gifta a tsakiyar Yulin 1965, ya ɗauki hoto 21 da guntun na 22. Saƙon na zuwa ne a hankali ƙwarai, hoto guda na cin sa'o'i da dama. Ma'aikata suka kasa haƙuri, suka sayo allin kala daga kantin masu zane, suka manna takardun lambobin da ke fitowa daga inji a bango, suka riƙa shafa wa kowace lamba launinta da hannu. Hoton Mars na farko daga kusa, da hannu aka zana shi. Abin da ya bayyana daga baya: ramuka, busasshiyar ƙasa, iska siririya. Babu magudana, babu birni.

Mariner 9 ne ya gyara wannan hukunci, kuma yadda ya yi ya nuna abin da JPL ta koya daga shekarun Ranger. Ya isa a Nuwamban 1971, ya zama kumbo na farko da ya shiga kewaya wata duniya, sai ya tarar da ƙura ta lulluɓe Mars gaba ɗaya, kamar hazon hunturu a ranar da ba a ganin ƙarshen layi. Kumbunan Sobiyet biyu sun iso a daidai lokacin, amma an riga an tsara musu komai tun daga gida, ba damar sauyawa. Mars 2 ya faɗi ya farfashe, Mars 3 ya sauka ya yi magana ta 'yan daƙiƙu ya yi shiru. Mariner 9 kuwa ana iya sake masa umarni daga ƙasa, sai aka ce ya jira. Da ƙura ta lafa, ɗigo huɗu da aka gani suna leƙowa suka zama kawunan manyan duwatsu masu aman wuta, babbansu Olympus Mons ya haura kilomita 20 a tsawo. Aka ga kwazazzabo mai tsawon kilomita 4,000, aka ga busassun hanyoyin da suka yi kama da na koguna. Hotuna sama da 7,000 ya aiko. A kansu aka dogara wajen shirya kumbon Viking, wanda ya sauka a Mars a Yulin 1976.

Babbar tafiyar ta samo asali ne daga aikin hutu. A 1965 wani ɗalibi, Gary Flandro, yana lissafin hanyoyin zuwa duniyoyi masu nisa, ya lura cewa a ƙarshen shekarun 1970 Jufita da Zuhal da Yuranus da Neftun za su jeru a gefe guda na rana, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin kimanin shekara 175. Kumbo na iya kusantar ɗaya, ƙarfin janta ya ƙara masa gudu ya karkata shi zuwa ta gaba, dabarar da Michael Minovitch ya yi wa lissafi a JPL tun 1961. Tafiyar shekara 30 zuwa Neftun sai ta koma 12. Gwamnati ta ce shirin ya yi tsada, ta soke shi, ta amince da ƙarami: Jufita da Zuhal kawai. Injiniyoyi suka ce to, suka koma suka ƙera kumbunan yadda za su iya wucewa gaba in an yi sa'a, suka kuma zaɓa wa ɗayan hanyar da ƙofarta ke buɗe.

Voyager 2 ya tashi ranar 20 ga Agusta 1977, Voyager 1 ya biyo ranar 5 ga Satumba ta hanya mafi sauri. Kowanne na ɗauke da faifan zinariya mai gaisuwa cikin harsuna 55. Akwai Larabci, akwai Luganda da Nyanja da Sotho. Hausa ba ta samu shiga ba. Tun a 1978 babbar na'urar karɓar saƙo ta Voyager 2 ta mutu, ta ko-ta-kwana kuma tana da naƙasa, ba ta jin magana sai an aiko ta a kan zangon da ya dace da zafin jikinta na wannan lokaci. Haka aka yi ta lallaɓa ta shekara da shekaru.

A Maris 1979, bayan Voyager 1 ya wuce Jufita, wata injiniya mai kula da hanya, Linda Morabito, tana ƙara hasken wani hoto don ta ga taurarin da ke bayan watan Io, sai ta ga wani abu ya tokaro daga gefensa. Dutse ne ke aman wuta, na farko da aka taɓa gani yana aiki a wajen duniyarmu. Ba masanin duwatsu ne ya gano shi ba, mai duba hanya ce. A Zuhal aka ga zobban da ake zaton 'yan kaɗan ne sun rarrabu dubbai. A can dandamalin da ke juya kyamarorin Voyager 2 ya cije, aka gano maiƙo ne ya gaza, aka koyi juya shi sannu sannu. Kafin ya kai Yuranus aka sake rubuta wa kwamfutocinsa umarni daga nesa, aka koya musu matse hoto, ga shi duka ƙwaƙwalwar kumbon ba ta kai kilobait 70 ba. Ya gifta Yuranus ranar 24 ga Janairu 1986 ya gano sababbin watanni goma. Bayan kwana huɗu kumbon Challenger ya tarwatse da mutum bakwai, labarin Yuranus ya nutse. Ranar 25 ga Agusta 1989 ya kai Neftun. Har yau babu wani kumbo da ya sake ziyartar waɗannan duniyoyi biyu. Ed Stone, wanda ya jagoranci ɓangaren kimiyyar aikin tun 1972, bai sauka ba sai 2022.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da kunnuwa a ƙasa: manyan faya-fayen sauraro a Goldstone ta Kalifoniya, da kusa da Madrid, da kusa da Canberra, an rarraba su yadda duk juyin da duniya ta yi akwai wanda ke fuskantar kumbo.

Shekarun da suka biyo sun maimaita salon. Babbar eriyar kumbon Galileo ta ƙi buɗewa a 1991, aka ƙarasa aikin Jufita da ƙaramar, har aka samo alamun teku a ƙarƙashin ƙanƙarar watan Europa. Mars Observer ya ɓace a 1993. Pathfinder ya sauka a Mars a Yulin 1997 cikin balan-balan da 'yar motarsa Sojourner. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Cheick Modibo Diarra ɗan Mali, wanda ya zama firayim ministan ƙasarsa a 2012. A 1999 aka yi asarar da ta fi kowace ban haushi: kamfanin da ya ƙera Mars Climate Orbiter na aiko da lissafi da ma'aunin Ingilishi, masu tuƙi a JPL na karantawa da ma'aunin mita, kumbo ya nutsa cikin iskar Mars ya hallaka. Motar Opportunity da aka yi wa tanadin kwana 90 a 2004 ta yi aiki har 2018, ta ci kilomita 45. Cassini ya shekara 13 yana kewaya Zuhal, ya kai kumbon Turai Huygens wanda ya sauka a kan Titan, watan Zuhal, a 2005. Motar Curiosity ta sauka a Mars a 2012, Perseverance a 2021 tare da ɗan jirgi mai saukar ungulu da aka shirya wa tashi biyar ya yi 72.

Voyager 1 ya fita daga yankin iskar rana a Agustan 2012, ɗan'uwansa a Nuwamban 2018. A Nuwamban 2023 Voyager 1 ya fara aiko da surutu marar ma'ana. Yana nesa da kilomita biliyan 24, saƙo na cin sa'a 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. Waɗanda suka ƙera shi yawancinsu sun yi ritaya ko sun rasu, sai aka koma tonon tsofaffin takardu. Aka gano guntun ƙwaƙwalwa guda ne ya lalace, aka yayyanka umarnin da ke cikinsa aka rarraba shi a wasu guraben, a Afrilun 2024 kumbon ya dawo hayyacinsa. Wutar da yake samu daga zafin fulutoniyam na raguwa da kimanin wat huɗu kowace shekara, ana kashe na'urorinsa ɗaya bayan ɗaya don a ja masa kwana.

Abin da ke barazana ga cibiyar a yau daga ƙasa yake. A 2024 rikicin kasafin kuɗi da tsadar shirin ɗauko duwatsun Mars suka sa JPL ta sallami ma'aikata sama da 800 a karo biyu. A Janairun 2025 gobarar daji ta cinye unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, ma'aikata fiye da 200 suka rasa gidajensu. A tsakanin sallamar farko da ta biyu, ranar 14 ga Oktoba 2024, aka harba Europa Clipper don ya binciki tekun da Galileo ya ji alamarsa. Ana sa ran zai isa Jufita a Afrilun 2030.